Darasi: Yadda Za Ku Adana Takardunku a Cikin Leda

Tun daga 2019 da jama'a suka fara tsallakowa daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, iyalai da yawa sun iso ba su da komai sai kayan jikinsu da 'yan takardu a ƙulle a bakin zane. Yau a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, kowane gida ya tara wasu sababbi: takardar shaidar rajista, katin karɓar abinci, katin rigakafin yara, takardar haihuwa. Da su ake karɓar tallafi, ake sa yaro makaranta, ake nuna wa jami'in tsaro a hanya. Ambaliyar daminar 2024 ta rushe gidaje da yawa a jihar Maradi, kuma ruwan da ya ci bango ba ya ƙyale takarda. Wannan darasi zai nuna yadda leda mai araha za ta kare muku su.

Wace leda ake nufi?

Ita ce ledar nan fara ƙal da ake ganin rubutu ta cikinta, mai baki a sama da ƙananan huji a gefe guda don a jera ta cikin fayil. Ana samunta wurin masu sayar da kayan makaranta da shagunan fotokwafi. Girmanta ya yi daidai da takardar ofis, wato santimita 21 a faɗi, kusan 30 a tsawo.

Leda iri biyu ce. Mai kyau ba ta da wari, ba ta danƙo a hannu, kuma a jikin kwalinta akan rubuta PP ko lamba 5 a cikin alama mai kusurwa uku. Ɗayar mai kauri ce da laushi, tana warin sabon takalmin roba, ana rubuta mata PVC ko lamba 3. Ku guje ta. Idan zafi ya buge ta, takan manne da fotokwafi, ranar da aka zaro takardar sai a tarar rubutun ya koma jikin ledar. In babu rubutu a kwalin, ku shinshina.

Ku san iyakarta kuma. Tana tsare ƙurar hunturu, gumin hannu, maiƙo da yayyafi. Ba ta tsare wuta, kuma in ta faɗa cikin ruwa zai shiga ta bakinta. Shi ya sa take buƙatar riga ta biyu, kamar yadda za mu gani.

Kafin ku saka takarda

1. Ku wanke hannu, ku bari ya bushe.
2. Ku tabbata takardar ta bushe sarai. Takarda mai laima a cikin leda fumfuna take yi, domin iska ba ta shiga. Wannan ne kuskuren da ya fi lalata takardu a damina.
3. Ku cire fil da ƙaramin ƙarfen da ake maƙala takardu da shi. Yana tsatsa ya huda takardar.
4. Ku warware ninki, ku shimfiɗa ta. Daga kan ninki take fara yagewa, kuma sau da yawa a nan suna ko lamba suke.
5. Kada ku liƙe yagaggen wuri da salatif. Yana yin ja, ya ɗago rubutu. Ku jera gutsattsarin a cikin ledar yadda suke.

Kowace leda takarda ɗaya, ko biyu baya da baya, yadda za a karanta kowace ba sai an fito da ita ba.

Yadda za ku jera su

A gaba, takardun gida duka: shaidar rajistar iyali, katin abinci, takardar aure. Bayan su, kowane mutum da nasa rukuni, daga maigida ko uwargida har zuwa jariri. A rukunin yaro a sa takardar haihuwa, katin rigakafi da sakamakon makaranta. A na mai ciki a sa katin awo. Wanda bai iya karatu ba zai iya ɗaura zare mai launi a hujin ledar: ja na wane, kore na wance. Ko ya sa ƙaramin hoton mai takardar a gaba.

A ƙarshe ku ware wuri na musamman ga abin da kuka zo da shi daga gida: takardar cinikin gona ko fili mai hannun mai unguwa da shaidu, takardar shaidar gama firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar lambar NIN, katin zaɓe. Waɗannan sun fi wuyar mayewa. Rajistarku ta nan tana cikin kwamfuta tare da zanen yatsunku, don haka ana iya sake buga kati. Amma takardar gona da aka rubuta da hannu a ƙauyen da aka watse, wataƙila ita kaɗai ce a duniya, kuma ita za ta yi muku magana ranar da aka koma.

Hotunan iyali ma su shiga, kowanne shi kaɗai, kada fuska ta haɗu da fuska. Hoton ɗan'uwan da aka rabu da shi a hanya yana taimakawa idan ƙungiyar Red Cross na neman sa.

Takardu biyu masu buƙatar lura

Ta farko ita ce siririyar takarda mai santsi da ƙaramin inji ke fitarwa, irin rasiɗin tura kuɗi. Ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ke fito da rubutun. Shi ya sa rana ke goge shi, ledar PVC ma haka. Ku yi fotokwafinta da wuri, ko ku kwafe lambar da kwanan wata a littafi da biro.

Ta biyu ita ce duk takardar asali mai hatimi. Kada ku kai ta a yi mata lamineshin, wato a manne ta da leda a inji mai zafi. Abin da aka manne ba ya ɓarewa sai da ɓarna, wani ofishin yakan ƙi karɓa saboda ba a iya duba hatimin da kyau, kuma katin rigakafi ko na awo ba za a iya ƙara rubutu a kansa ba. Takarda mai santsi kuwa baƙi ƙirin take komawa a cikin injin. Kwafi za ku iya mannewa, ku riƙa yawo da shi inda ake karɓar kwafi.

Inda za ku ajiye

Ku haɗa ledojin a fayil, ko ku zura igiya ta hujin gefe. Ku sa su tsakanin kwali biyu masu ƙarfi don kada su lanƙwashe. Sannan riga ta biyu: babbar leda mai kauri marar huji, a naɗe bakinta sau uku a ɗaure. Bokitin roba mai murfi ko akwatin ƙarfe ya fi, domin gara da ɓera ba sa jin kunyar leda.

Kada ku ajiye a ƙasa ko ƙarƙashin tabarma. Kada ku soke a jikin rufi inda rana ke gasawa kuma ruwa ke ɗiga. Ku nisanta daga murhu, fetur da kananzir. Ku rataye a wurin da hannu zai kai ko da duhu, kuma manya biyu a gidan su san wurin. Idan aka yi gobara ko ruwa ya shigo, a fitar da mutane tukuna. Rai ya fi takarda.

Sau ɗaya a wata, musamman daga Yuni zuwa Satumba, ku buɗe ku duba. In kun ga raɓa a cikin leda ko kun ji warin fumfuna, ku fito da takardar ta sha iska a inuwa, ku sauya ledar.

Idan ta jiƙe ko ta ɓata

Takardar da ta jiƙe a shimfiɗa ta a kan tsabtataccen zane a inuwa, ba a rana ko bakin wuta ba. Kada a goge, kada a ɓanɓare waɗanda suka manne da ƙarfi. In ta kusa bushewa a danne ta da abu mai nauyi. Hoto a shanya shi fuskarsa na sama.

In kati ya ɓata ko ya lalace, ku je ofishin rajista da wuri, da ragowarsa ko kwafinsa. Lambar da ke jiki tana saurin da aikin. Ayyukan hukumar kula da 'yan gudun hijira kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sama muku kati, ku kai rahotonsa. Kada ku ba da katinku jingina don bashi, kada kuma ku tura hotonsa ta WhatsApp ga wanda ba ku sani ba.

Aikin wannan mako

Ku zauna da iyali ku fito da duk takardun gidan. Ku ƙirga su, ku rubuta jerinsu da lambobinsu a takarda guda, ku ba wani amintacce ya ajiye a wani gida dabam. Mai waya ya ɗauki hoton kowace. Sannan ku duba maƙwabta: tsoho, marar gani, ko matar da ke riƙe da yara ita kaɗai. Ku taya su jera nasu kafin hadari ya haɗo.