Daga Dinarin Rumawa Zuwa Dalarmu

Ɗan'uwa mai karatu, sa hannu cikin aljihunka ka fiddo dala ashirin ta ƙarfe. Dube ta da kyau. A gefe guda akwai lamba 100. A ɗaya gefen akwai wata alama mai kama da kifi mai dogon baki kamar zarto. Nemi kuma wasu ƙananan lambobi guda huɗu. Su ne shekarar da aka buga kuɗin. Da can, girmanta da launinta kawai kake dubawa. Yanzu da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, kana iya karanta ta.

To, akwai mutane a duniya waɗanda sha'awarsu ke nan, tara tsofaffin kuɗin ƙarfe da karanta abin da ke jikinsu. Cikin kuɗin da suka fi nema akwai na sarakunan Rum. Kada ka ce ina ruwan mutumin Kelle da kuɗin Rumawa. Bi ni a hankali, za ka ga ashe da ruwanka.

Su wane ne Rumawa?

Rum birni ne a ƙasar Italiya. Mutanensa sun kafa babbar daula wadda ta kewaye tekun Bahar Rum. Arewacin Afirka ma yana ciki, wato bakin tekun Masar da Libiya da Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Babban sarkinsu na farko shi ne Ogustus. Ya hau mulki shekara 27 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a shekara ta 14 bayan haihuwarsa. Cikin sarakunan da suka biyo baya har da haifaffen Afirka, Saftimiyus Seberus. An haife shi a Labda, cikin Libiya ta yau, ya yi sarauta daga shekara ta 193 zuwa ta 211.

Kuɗinsu iri uku ne: na zinariya, na azurfa, da na tagulla. Na azurfa shi ake kira denariyus. Guda 25 na azurfa su ne guda ɗaya na zinariya. A zamanin Ogustus, albashin ƙaramin soja denariyus 225 ne a shekara.

Ba inji ke buga kuɗin ba, aikin maƙera ne. Maƙeri zai sassaƙa hoto a kan ƙarfe biyu masu tauri. Sai a sa ɗan faifan azurfa a tsakaninsu, a doka da guduma. Hoton sai ya fito gaba da baya. Shi ya sa kuɗin Rumawa ba su cika yin da'ira sosai ba. Wani ya karkace, wani ya ɗan tsage a baki.

Yadda ake karanta su

A gaban kuɗin akwai kan sarki, da rubutu kewaye da shi. Ga abin daɗi: baƙaƙen da ke jikinsu su ne kakannin baƙaƙen bokon da kake koyo a aji. Za ka gane A da M da P da S. Sai dai Rumawa suna rubuta V a wurin da muke rubuta U.

Wurin rubutu ba shi da yawa, saboda haka suna taƙaita kalmomi. IMP na nufin shugaban mayaƙa. AVG na nufin Ogustus, sunan da ya zama laƙabin kowane babban sarki. A bayan kuɗin kuma za ka ga soja, ko gini, ko zangarniyar alkama, ko ɗaya daga cikin gumakan da suke bauta wa.

Ba sa rubuta shekara kamar yadda ake yi a dalarmu. To, yaya masana ke sanin lokacin? Suna duba sunan sarki da muƙaman da aka jera masa. Akwai muƙamin da ake sabunta wa sarki kowace shekara, ana taƙaita shi TR P. In an ga TR P da lamba biyar, an san a shekararsa ta biyar da riƙe muƙamin aka buga. Kamar dai yadda tsofaffinmu ke cewa an haifi wane shekara biyu bayan naɗin sarki wane.

A zamanin da babu rediyo babu jarida, kuɗi ne ke kai labari. Talakan da ke nesa da Rum bai taɓa ganin sarki ba. Amma ran da sabon kuɗi ya shigo kasuwa da sabuwar fuska, ya san an yi sabon sarki.

Ran da sarki ya yi algus

Dinarin Ogustus kusan zallar azurfa ne, nauyinsa ya kusa giram 4. A shekara ta 64 sarki Nero ya rage nauyinsa, ya kuma gauraya shi da ɗan jan ƙarfe. Sarakunan baya suka ci gaba da haka, don yaƙi ya yi yawa, sojoji na neman albashi, azurfa kuwa ba ta isa. A zamanin Saftimiyus Seberus azurfar ta koma wajen rabi. Kafin shekara ta 270, abin da ake kira kuɗin azurfa ya zama jan ƙarfe da aka ɗan shafa wa azurfa a sama.

Ɗan kasuwa ba wawa ba ne. In an zuba wa nono ruwa, mai saye zai gane. Da mutane suka ga kuɗi ya lalace, sai suka tsawwala wa kayansu farashi. Na kirkin kuma suka ɓoye a tukunya, suna kashe na algus. A shekara ta 301 sarki Diyokilishiyan ya kafa dokar ƙayyade farashin kaya, amma dokar ba ta yi ƙarko ba. Wanda ya ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, ya san yadda magidanci ke ji in kuɗin hannunsa ya daina sayen abin da ya saba saye.

Sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, ya fito da sabon kuɗin zinariya mai nauyin giram 4 da rabi. Wannan kam ya daɗe ba a lalata shi ba. Da shi Larabawa suka yi ciniki, suna ce masa dinar, daga waccan kalma ta denariyus. A shekara ta 77 bayan Hijira, halifa Abdul Malik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla, babu hoton kowa. Shi ne dinarin da malamai ke ambata a zancen zakka da sadaki. Kalmarmu ta zinari ma daga dinar ta fito. Ka ga ke nan, duk ran da ka ce zinariya, tsohuwar kalmar Rumawa ce a bakinka.

Rumawa da hamada

Rumawa ba su mallaki ƙasarmu ba. Tsakaninmu da su akwai hamada, kuma a Fezan, kudancin Libiya, akwai wata al'umma da suke kira Garamantawa. Babban birninsu shi ne Jarma. Su ne ƴan tsakiya a cinikin Sahara na wancan lokaci.

A Abalesa, kusa da Tamanrasat a kudancin Aljeriya, akwai kabarin Tin Hinan, wadda Abzinawan Ahaggar ke ɗauka a matsayin kakarsu. Da aka buɗe shi a 1925, an tarar da mundayen zinariya da na azurfa, da kuma tambarin kuɗin sarki Kustantin a jikin fallen zinariya. Wannan tambari yana cikin abubuwan da suka taimaka wa masana gane zamanin kabarin.

A bakin tekun Libiya kuwa kuɗin Rumawa suna da yawa. A 1981, kusa da Misrata, an tono tukwane cike da su, sun fi guda 100,000. Amma kudu da hamada, samun kuɗin Rumawa a cikin ƙasa abu ne mai wuyar gaske. Riƙe wannan magana, za ta yi maka amfani.

Kuɗin kakanninmu

Mu ma muna da namu tsofaffin kuɗin. A ƙasar Hausa an yi ciniki da wuri, wanda ake kawowa tun daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. A ƙasar Barno an yi ciniki da ƙyallen saƙi da ake kira gabaga. Akwai kuma liyari, wanda Barebari ke ce wa gursu. Babban kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya, nauyinsa giram 28, da hoton sarauniya Mariya Tereza. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Bart ya tarar a Kano, a 1851, ana ba da wuri 2,500 a kan liyari ɗaya. Shi Bart ya ratsa ta Gure a ƙarshen 1852, a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, sannu a hankali tamma da dala suka ture wuri. A watan Disamba na 1945 aka ƙirƙiro sefa. Liyari kuwa ya koma kayan ado. Mata suka rataya shi a wuya, maƙeran fari suka narka wani suka yi zobba da mundaye.

Ga abin lura. In ka ga liyari, kusan kullum 1780 za ka gani a jikinsa. Shekarar da sarauniyar ta mutu ke nan. An ci gaba da buga shi da wannan lamba shekaru aru-aru bayan mutuwarta. Saboda haka lambar ba ta nuna ainihin shekarar da aka buga wanda ke hannunka.

Kada a cuce ka

Samarinmu da yawa suna zuwa ci-rani Libiya da Aljeriya. Tun 2014 kuma wasu suka nufi Jado haƙar zinariya. A irin wannan tafiya, ko a kasuwa, wani na iya nuna maka ɗan ƙarfe ya ce kuɗin Rumawa ne, Turawa na saye da miliyoyi. Yi hattara, saboda dalilai uku.

Na farko, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Rumawa sun buga kuɗin tagulla masu yawan gaske. Da yawansu, in sun goge, kuɗinsu a wurin masu tarawa bai taka kara ya karya ba. Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin irinsa, da kyawun hotonsa, da ƙarfen da aka yi shi da shi.

Na biyu, jabu ya yi yawa. Na gaske dokawa aka yi da guduma. Na jabu sau da yawa zubi ne. Dubi bakinsa, za ka ga layi kamar ɗinki inda aka haɗa, da ƴan ramuka a fuska, hoton kuma ya yi dishi-dishi. In ka ga guda biyar iri ɗaya sak, har wurin tsagewa ɗaya, to maƙerin yau ne ya zuba su.

Na uku, in ma na gaske ne, wataƙila na sata ne daga wani kufai, kuma fitar da shi daga ƙasarsa laifi ne. Masu tarawa na kirki suna neman takardar da ke nuna asalin kuɗi kafin su saya.

In kai ka tsinta fa?

Wataƙila kana noma, ko kana gina rijiya, ko kana kiwo a gindin duwatsun Kutus, ka ci karo da tsohuwar tukunya, ko duwatsun wuya, ko kuɗin ƙarfe. Ga abin da ya dace:

1. Kada ka ci gaba da tono. Wurin da abu yake kwance, da abin da ke kusa da shi, su ne rabin labarinsa.
2. Kada ka goge shi da toka, ko yashi, ko lemun tsami. Wannan tsatsa mai kore-kore tana kare shi. Gogewa na cinye rubutun.
3. Kada ka huda shi, kada ka kai wa maƙeri ya narka.
4. Ɗauki alƙalami ka rubuta rana, da wuri, da zurfin ramin. Ga amfanin karatunka.
5. Sanar da mai gari ko magajin gari, su kai labari ga hukuma.

A Ingila, a 2010, wani mutum ya gano tukunya a gona kusa da garin Furom. Bai fasa ta ba, ya kira masana. Suka kwashe a hankali, suka ƙirga kuɗin Rumawa 52,503. Suna nan a gidan tarihi, kowa na iya zuwa ya gani.

A ƙasarmu kuwa mun ga akasin haka. A 1975 aka gano tsofaffin mutum-mutumin yumɓu a Bura, cikin yankin Tera. Masanin tarihi Bube Gado ya yi bincike a wurin a 1983. Da sunan Bura ya bazu, sai aka far wa kufai da tono, dillalai suna saye da araha suna fitarwa waje. Ƙauyawa sun ci ɗan kuɗin sun ƙare, kayan kuma sun tafi. A ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi. Dokar ta ce kayan tarihin da ke cikin ƙasa na al'umma ne, hukuma ke riƙe da su. Wurin ajiyarsu shi ne irin gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959.

Kai ma kana iya fara tarawa ba tare da ka tona kufai ba. Tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wuri, ko tamma, ko liyari a ƙasan adaka. Naɗe kowane ɗaya a takarda dabam, ka rubuta sunansa da sunan mai shi. Roƙi tsohuwa ta faɗa maka abin da ake saye da shi a zamaninta, ka rubuta. Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Kada liyarin kakarka ya tafi tukunyar maƙeri jikokinka ba su gan shi ba.

Tambayoyi

1. Da me Rumawa ke yin kuɗinsu?
2. Me ya faru a kasuwa da sarakuna suka yi wa azurfa algus?
3. Daga ina kalmar zinari ta fito?
4. Yaya ake gane kuɗin jabu?
5. Faɗi abubuwa uku da za ka yi in ka tsinci kayan tarihi.

Aikin gida: Tara kuɗin ƙarfe guda biyar. Rubuta shekarar kowane ɗaya a littafinka, ka jera su daga tsoho zuwa sabo.