Darasi: Tabkin Ossa, Gidan Ayu

Yawancinmu a nan Briqueterie a cikin kwalba muka san ayu. Mun saba ganin masu magani suna tallar man ayu, amma wa ya taɓa ganin ayun da ransa? To, gidansa bai yi mana nisa ba.

Tabkin Ossa yana kusa da garin Dizangué. Daga Yawunde akan bi hanyar Duwala, in an kai Edéa sai a ratse. Faɗinsa wajen hekta 4,000 ne, kuma yana haɗe da kogin Sanaga. Gwamnati ta keɓe shi don kare dabbobi, ga kuma gandun Douala-Edéa a maƙwabta, wanda ya zama gandun ƙasa a 2018.

Ayu ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa kamar mu, shi ya sa yakan leƙo da hanci saman ruwa. Ciyawa yake ci, uwar kuma nono take ba ɗanta. Cikinta yakan kai wajen shekara, ɗa guda take haifa. Kun ga ke nan, in aka kashe uwa ɗaya don nama ko mai, za a daɗe ba a mayar da gurbinta ba. Doka ma ta hana farautarsa.

Bayan mafarauta da ragar masunta, wajen 2017 wata ciyawa mai suna salbiniya ta mamaye tabkin. Ta rufe fuskar ruwa, ta danne ciyawar da ayu ke ci, kwale-kwalen masunta ma suka rasa hanya. Masana sun saki wani ɗan ƙwaro mai cin wannan ciyawa, ruwa ya fara buɗewa. Ikon Allah, ƙwaro ya ceci dabbar da ta fi sa nauyi nesa ba kusa ba.

In Allah Ya kai mu can, mu kiyaye ladubban ziyara:

1. Mu nemi izini wurin masu gadi, mu bi ɗan jagora.
2. Mu yi sammako, mu rage surutu, don ayu akwai tsoro.
3. Ban da tsayuwa cikin kwale-kwale.
4. Ban da jefa leda a ruwa.

Ko ba mu ga ayu ba, za mu ga tsuntsaye, mu zaga bakin tabki da ƙafa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Tambaya: in muka daina sayen man ayu, me zai sami sana'ar mafarauci? Kowa ya tattauna da iyayensa a gida.