Wasiƙa Ga Matasan Sakkwato: Ku Ƙirga Numfashin Ƙannenku

'Ya'yana da ƙannena,

 Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara kafin shekaru su sallame ni, yanzu kuwa da na dawo gida ba abin da ya yi mini yawa kamar lokaci da surutu. Ku yi haƙuri ku saurari kawunku, maganar ta shafi iskar da kuke shaƙa yanzu haka da kuke karatun nan.

Kalmar da kunnena ya fi ji a bakin iyaye mata ita ce "sanyi". Mace za ta shigo da goyo, ta kwance zani, ta ce, "Malam, sanyi ne ya shige shi." Ina tuna wata da ta zo da ɗan shekara 2 a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake yi a garin nan, amma ita ma sanyin ta ambata. Na ɗaga rigarsa, na ajiye agogona a gefen gado, na zuba wa cikinsa ido. Duk jan numfashi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Na ƙirga 58 a minti ɗaya. Da aka ba shi gado na tambaye ta ina take girki, ina yaron yake kwana, me ake yi a bayan katangarsu. Ta dube ni kamar mai neman tsegumi. Daga baya ta ce a bayan gidansu ake babbakar kai da ƙafa, da tsofaffin tayoyin mota ake hura wutar, kuma tun asuba hayaƙin ke shigowa ta tagar ɗakinta. Ba ta taɓa haɗa wancan hayaƙi da wannan tari ba. Ni ma da nake tambayarta, sai da na yi shekaru a bakin aiki kafin in koyi yin tambayar.

Ciwon huhu, wanda likitoci ke kira nimoniya, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, wannan gaskiya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hayaƙi da ƙura su ne masu tsaga bangon. A cikin hanyoyin iska na ƙirji akwai wasu 'yan gasu ƙanana, ido ba ya ganinsu, aikinsu share datti da majina su turo waje. Hayaƙi yana kashe musu ƙarfi, ya kumbura hanyar, ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Asusun UNICEF ya ce a shekarar 2018 kaɗai ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya a wannan shekarar.

Me ya sa yaro ya fi shan wuya alhali iska ɗaya muke shaƙa? Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, jariri kuwa yana ninka wannan, don haka idan aka duba girman jiki ya fi uban da ya haife shi zuƙar iska. Hanyoyin iskarsa sirara ne, ɗan kumburin da babba zai ji kamar mura, shi numfashi zai sarƙe masa. Gajere ne kuma, hancinsa yana daidai da salansar kabu-kabu da ƙurar da taya ke tayarwa. Babban dalilin shi ne huhu gini ne da ba a kammala shi sai mutum ya doshi shekara 20. Ku da kuka taɓa aikin gini kun san abin da ke faruwa da katangar da aka yi wa rowar siminti tun daga tushe: za ta tsaya, a yi mata fenti, sai ranar da aka ɗora mata nauyi asirinta ya tonu. Akwai dattawan da na gani suna haki daga zaure zuwa masallaci, ba su taɓa sa taba a baki ba.

Ƙurar da kuke gani, wadda ke ɓata farar riga ta sa majina ta yi baƙi, hanci yana tare da yawa daga cikinta. Mugunyar ita ce wadda ba a gani. Masana suna kiranta PM2.5, ƙanƙantarta ta kai a jera kusan 30 kafin su cika kaurin silin gashi ɗaya. Ita ke wucewa har ƙarshen huhu, wata ma ta shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta yarda da shi daga 10 zuwa 5, wato maikurogiram 5 a kowace mita ta iska a matsakaicin lissafin shekara, saboda an gano ko kaɗan ɗin ma yana yin illa.

Yanzu bari in zo kan masana'antar siminti ta Kalambaina, don na san tun da na ce ƙura can hankalinku ya tafi. An kafa kamfanin simintin a 1962, zamanin Sardauna, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. Yau yana hannun BUA. An buɗe sabon layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, aka ƙara wani mai tan miliyan 3 wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2022. Dutsen farar ƙasa da Allah ya shimfiɗa a wurin shi ya jawo kamfanin, kuma gidaje nawa ne ke ɗora tukunya da albarkacinsa, daga injiniya har ɗan dako da mai sayar wa direbobi abinci? Wanda ya ce muku ku yi gaba da masana'anta bai taɓa kwana da yunwa ba. Sai dai aikin siminti a ko'ina cikin duniya aikin ƙura ne. A fasa dutse, a niƙa, a gasa shi a wuta mai zafin digiri kusan 1,450, a sake niƙawa, a zuba a buhu, manyan motoci su ɗauka. Kowane mataki yana da ƙurarsa, wutar kuma tana da iskar da take fitarwa. Akwai na'urorin tace hayaƙi da ke kama kusan dukkan ƙurar kafin ta fita ta bututu, idan an sa su kuma ana kula da su. Saboda haka tambayar mai hankali ita ce: nawa ake kamawa, nawa ke fita, wa ke aunawa, kuma a ina za a ga sakamakon? A 2007 wasu malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun wallafa binciken da suka yi kan huhun ma'aikatan simintin, a zamanin tsohuwar masana'anta, suka ga ƙarfin numfashin waɗanda suka daɗe cikin ƙurar bai kai na sauran mutane ba. Waɗannan ƙarti ne majiya ƙarfi. Ku da ke karatun likita da kimiyya a jami'ar da kwalejin Umaru Ali Shinkafi, kuna yawo kuna neman abin da za ku rubuta a kundin kammala karatu, ga aiki a ƙofar gida: ku auna numfashin 'yan firamare a unguwanni daban-daban, ku auna iskar, ku kwatanta. Ku lura da iska ma. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ɗauke da hazon da ta kwaso tun daga ƙasar Chadi, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Unguwar da ke hutawa a wannan wata ita ke karɓa a wancan. Garin kuma ya yi ta tafiya yamma, wuraren da na sani gonaki yau gidaje ne da makarantu.

Amma laifi tudu ne. Yawancin hayaƙin da na ga ya kwantar da yara bai fito daga dogon bututu ba, daga ƙananan sana'o'inmu ya fito, waɗanda da yawanku ke ciki ko za ku shiga. Mai babbaka da taya, mai narkar da gwangwani yana zuba tukunya, mai ƙona waya don ya ciri jan ƙarfe, mai fesa wa mota fenti a cikin lungu, mai injin niƙa da ke tuƙa baƙin hayaƙi, mai buga bulo da ke zazzage buhun siminti iska na kwasa, mai cinna wa bola wuta da magariba, leda da roba da batir duk a ciki. A kowane irin wurin nan za ku tarar da yaro ɗan shekara 8 ko 10, ɗan koyo ko almajirin da ya zo neman na tuwo, kuma shi ake sa wa aikin da ya fi kusa da wutar. Maigidan yana gefe a inuwa, yaron ne ke fifita. In Allah ya ba ɗayanku wurin sana'a, kada ya ba yaro wannan gurbin. Ya dubi inda iska ke kai hayaƙinsa kafin ya kafa murhu, ya yayyafa ruwa kafin a share, ya bar taya ya koma itace ko gas, ko da ribar ta ɗan ragu.

Kada ku ce ƙura ce kawai. Maƙwabtanmu na Zamfara, waɗanda jiharmu ɗaya da su har 1996, sun ga abin da ƙura ke iyawa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano har da Bagega. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ashe cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, suka shaƙa, suka kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema, ba wanda ya gaya musu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne huhun yaro yana amsawa idan aka gyara iska. A kudancin Kalifoniya ta Amurka an bi dubban yara shekara da shekaru ana auna huhunsu. Rahoton 2004 ya nuna waɗanda suka tashi a iska mai datti huhunsu bai cika girma ba. Rahoton 2015, bayan an matsa wa motoci da masana'antu da doka, ya nuna yaran da suka biyo baya huhunsu ya fi na yayyensu girma. Landan ma sai da hayaƙin kwal ya rufe ta kwana 5 a Disamban 1952, mutum dubbai suka mutu, sannan aka yi dokar tsabtace iska a 1956. Mu muna da hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007, muna da dokar 1992 da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton jama'a su duba. Sau nawa ɗayanmu ya je ya karanta? Ni dai ban taɓa ba, kuma ina jin kunyar faɗi.

Na ga yadda kuke yi idan abu ya ɓata muku rai: a ɗauki hoto, a sa a Facebook, a yi zagi kwana 2, a wuce. Wanda ake zagi ya san za ku gaji. Abin da ba ya gajiya shi ne littafi. Ku sayi na 'yan makaranta mai shafi 40, ku rubuta rana da lokaci, daga ina hayaƙin ya taso, ina iska ta nufa, yara nawa suka kwana suna tari a layinku, wa aka kai asibiti. Bayan wata 6 ku ɗauka ku je wurin mai unguwa da liman, ku tafi tare wurin hakimi ko ma'aikatar muhalli, ko wurin mai sana'ar kansa, ku gaishe shi da ladabi ku buɗe masa shafin. Mutumin da zai iya musa ihu, da wuya ya musa kwanan wata.

Ga kuma abin da nake so kowannenku ya haddace kamar lambar wayarsa, mace da namiji, don ku ne ke gida lokacin da ƙanenku zai fara tari. Ku bari ya natsu, ba yana kuka ba, ku ɗaga rigarsa, ku kunna agogon waya, ku ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba, ba kuma a tsaya shafa man zafi ba. Ku lallashi Inna da Hajiya da dabara, kada ku ce musu ba su sani ba, sun rene ku ai. Yaron da ƙirjinsa ke kuka da dare, tarin yana tafiya yana dawowa, a duba shi ko asma ce. Abin shaƙar da likita ke bayarwa ba ya kama jiki kamar yadda ake yaɗawa, na ga yaran da ya mayar makaranta. Ku duba katin rigakafin ƙannenku ma, akwai allurar ciwon huhu a ciki tun da aka fara ba da ita a ƙasar nan a ƙarshen 2014, kuma kyauta ce.

Kada ku ɗauka mai wa'azin nan ya tsira. Shekarar da na sayi janareto, tsoron ɓarayi ya sa na ajiye shi a lungun da ke bayan tagar ɗakin yara, na ɗaure da sarƙa. 'Yar autata ta yi wata 3 tana tarin dare. Ni da nake ƙirga numfashin 'ya'yan mutane da rana, na dawo gida ina canza mata maganin tari, ina cewa hunturu ne. Mahaifiyarta ce, wadda ba ta yi boko ba, ta ce mini wata rana, "Malam, ka lura ranar da aka kawo wuta yarinyar nan barci take yi?" Ban ce komai ba. Da asuba na kwance sarƙar, na kira ɗan maƙwabci muka kinkime shi zuwa can ƙarshen gida, bayan turken awaki, na sayo doguwar waya.

Yarinyar yanzu tana da nata 'ya'yan biyu a Mabera. Ranar Juma'a za su zo mini yini, kuma na san ƙaramin zai gudu da ya ga na ciro agogo.

Ku gaida mini iyayenku. Wassalam.

Kawunku,
tsohon malamin asibiti,
Sakkwato.