Rinjaye, Amma Rinjayen Su Wa?

'Yan uwana ɗalibai, bara ni ne sakataren ƙungiyar ɗaliban yankinmu na Kebbe da Tambuwal, kuma kalma ɗaya ce ta kusa wargaza mu. Kundinmu ya ce ana iya tsige shugaba "da rinjaye". Shi ke nan. Rinjayen dukkan mambobi, ko na waɗanda suka zo taro? Bai faɗa ba. Rannan lokacin jarrabawa mutum tara suka zauna a gindin dogonyaro, biyar suka ɗaga hannu, wai sun tsige shugaba. Aka yi wata biyu ba a taɓa asusu ba, har walimar sababbin ɗalibai ta sha ruwa.

To, ƙungiya takardu biyu take buƙata, kuma mu kan haɗa su wuri guda. Akwai kundin tsarin mulki: manufa, muƙamai, wa'adi, zaɓe, tsigewa. Akwai kuma ƙa'idojin zama: wa ke kiran taro, sanarwar kwana nawa, yadda ake gabatar da ƙudiri, yadda ake ɗage zama. Na biyun yana ƙarƙashin na farko, idan suka saɓa kundi ake bi.

Misalin ma a gida yake. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe/Tambuwal daga 2003 zuwa 2015, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011. Ranar 28 ga Oktoba 2014 ya bayyana a zauren majalisa cewa ya bar PDP ya koma APC, aka ɗage zama zuwa 3 ga Disamba. Jam'iyya mai mulki ta fusata, aka janye masa 'yan sandan da ke tsaronsa. Ranar 20 ga Nuwamba har 'yan majalisa suka riƙa haura ƙofa, aka harba barkonon tsohuwa. Amma kujerar ba ta motsa ba. Me ya sa? Sashe na 50 na Kundin 1999 ya ce ba a tsige Kakaki sai da kashi biyu bisa uku na mambobin majalisar, ba na waɗanda suka halarta ba. Cikin 360, sai ka kawo 240. Ko kana ganin ya kyauta ko bai kyauta ba (a garinmu har gobe ana wannan musu), lissafin dai a rubuce yake tun kafin rigima.

Dubi bambancin: Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya bisa uku ya isa a yi zama, wato mutum 120. Sashe na 60 kuma ya bar wa majalisa ta tsara ƙa'idojin zamanta da kanta. Ka ga zama da sauƙi, tsigewa da wuya, kuma da gangan aka yi.

Mu ma haka muka gyara namu. Ba a zama sai da kashi ɗaya bisa uku na masu biyan kuɗin ƙungiya. Sanarwa kwana bakwai, a rubuce, kuma a ambaci abin da za a tattauna. Ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, ɗaya dole ma'aji. Tsigewa sai kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi, bayan an saurari wanda ake zargi. Wannan na ƙarshen ni na dage a kai, wallahi, don shugabanmu a WhatsApp ya ji an cire shi.

Idan kuna shirin yin rajista da hukumar CAC ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020, za a nemi kundin nan tare da sunayen amintattu, don haka ku duba naku tun kafin zaɓen zango mai zuwa.