Ko Kitso da Aski Za Su Riƙe Mai Su? Wayar da Kai ga Iyaye da 'Yan Koyo a Tumbutu

Jama'a, duk shekara idan an kawar da amfanin gona, iyaye a Tumbutu da ƙauyukan da ke kewaye da ita sukan zauna shawara a kan yarinyar da ta bar makaranta, ko yaron da gonar gida ba ta ishe shi aiki ba. Sana'o'in da suka fi zuwa baki su ne ɗinki da kitso da aski. Akan zaɓi kitso ko aski don ana ganin ba su cin jari, kuma gashi ba ya daina tsirowa. Wannan gaskiya ne. Amma tambayar da ya kamata a yi kafin a biya kuɗin koyo ita ce: shin wannan sana'a za ta ciyar da mai ita, ta tufatar da ita, ta biya mata haya da magani, ba tare da ta miƙa hannu ga uba ko miji ko yaya ba? Amsar ita ce tana iyawa, amma ba ga kowa ba, ba kuma a kowane wuri ba.

Mu fara da sanin inda muke zaune. Tumbutu ɗaya ce daga gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil, a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin. Sauran su ne Garu da Gene da Madekali da Malanbil kanta. A ƙidayar 2013 an sami mutum sama da 168,000 a ƙaramar hukumar, Dandawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa da sauransu. Yawancinsu manoman shinkafa da albasa da hatsi ne, sai masunta da makiyaya da 'yan kasuwa. Kasuwar Malanbil kuwa ana lissafa ta a matsayin ta biyu a ƙasar, bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma gadar da aka gina a 1958 ita ce ta fara haɗa garin da Gaya ta Nijar. An kawo wannan bayani ne don a gane abu guda: kuɗin makitsiya daga lalitar matar manomi da matar ɗan kasuwa yake fitowa. In albasa ta yi kuɗi, kai zai sha kitso. In ambaliya ta cinye shinkafa, kamar yadda aka gani a 2010, sai mace ta ɗaura ɗankwali ta jira baɗi.

To da me za mu auna “isa”? Akwai ma'auni wanda hukuma ta ajiye. Tun daga watan Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Benin ya tashi daga sefa 40,000 zuwa 52,000 a wata. Ba wani kuɗin a zo a gani ba ne, amma mu riƙe shi a matsayin kan iyaka tsakanin mai cin gashin kansa da mai jiran taimako. In aka raba 52,000 ga ranakun aiki 26, za a sami sefa 2,000, wato jika biyu kullum. Riba ake nufi, bayan an cire duk abin da aka kashe, ba kuɗin da ya shiga jaka ba.

Yanzu mu ɗauka, don misali kawai, ana yin kai ɗaya a dala ɗari, wato sefa 500. Makitsiyar da ke aiki a tsakar gidansu, ba haya ba kuɗin wuta, tana bukatar kai huɗu kowace rana, har da Litinin da Talata, har da ranar da aka wuni ana ruwa. Kowa ya san shuku ko zane mai kyau ba ya ƙarewa cikin minti goma. Ga tsifa, ga wanki, ga taza, ga tsaga da kibiya, ga mai kan da za ta tashi ta ba jariri nono ta dawo. Kai huɗu aikin wuni ne cur. Nan ne iyakar wannan sana'a take: mai sayar da shinkafa yana iya sayar da buhu goma cikin lokacin da ya sayar da ɗaya, amma makitsiya hannu biyu Allah ya ba ta, kuma rana ba ta jira. Komai gwanintarta, akwai adadin da ba za ta wuce ba sai dai ta ƙara farashi ko ta ɗauki mataimaka.

Ƙara farashi kuwa a ƙauye ba abu ne mai sauƙi ba, saboda dalilai biyu da ba a cika faɗa wa 'yan koyo ba. Na farko, kusan kowane gida akwai mai iya kitso. Kishiya ta yi wa kishiya, ya ta yi wa ƙanwa, maƙwabciya ta yi wa maƙwabciya, a biya da “sannu da aiki” da ƙwaryar fura. Mai neman kuɗi tana gasa ne da kyauta. Na biyu, kitson da ke riƙe manyan shagunan Kwatano da Faraku shi ne na meshi, wanda ake sarowa daga masana'antun Legas da Lome, ana wuni ana yin sa a biya kuɗi mai kauri. A ƙasarmu ta Musulmi mata suna rufe kai, malamai kuma suna hani ga ƙarin gashi, saboda haka masu neman irin wannan kitso kaɗan ne. Yarinyar da ta yi shekara uku a kudu tana koyon meshi da busar da gashi da inji, in ta dawo Tumbutu sai ta tarar abin da ake nema shi ne zane da kalaba da shuku, waɗanda kakarta ta iya tun ba a haife ta ba.

Sai maganar lokaci. Kada kowa ya auna wannan sana'a da jajibirin Salla. A kwanakin ƙarshe na azumi da kafin Babbar Salla makitsiya ba ta da lokacin cin abinci, ana layi har tsakar dare, yara suna barci a kan tabarma suna jiran a zo kansu. Haka kuma bayan kaka, lokacin bukukuwan aure da suna. Wanda ya ga cinikin waɗannan ranaku zai rantse babu sana'ar da ta fi wannan. A zo a duba ta a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mata suna gona tun safe, hanya ta yi laka. Watan da babu shi ne alƙalin sana'a. Wadda ta ci kuɗin Salla a makon Salla, ta ɗinka atamfa uku, ita ce za ka gani tana neman rancen gero da damina.

Masu shago a cikin garin Malanbil suna da wata damuwa ta dabam, ita ce iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka toshe gada, manyan motoci suka yi jerin gwano suna jira, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe ɓangarenta. Kafin wannan ma Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mai aski bai san siyasar Yamai ko ta Abuja ba, amma direba da ɗan dako da ɗan kamasho da mai tuwo a tasha su ne masu zama a kujerarsa. Ranar da suka rasa aiki, gemunsu sai ya jira, haya kuma ba ta jira.

Akwai abin da ya fi rufe iyaka kashe wannan sana'a, kuma a cikin gida yake, shi ne bashi. An gama kitso, an shafa mai, an duba madubi, sai a ce: “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ai ni ce goggonki, bari sai ranar kasuwa.” Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Yarinya tana jin nauyi, ba ta iya tunawa babba bashi, kuma ba a kwance kitso a mayar da shi shago kamar yadda tela ke riƙe riga. Maganin wannan ba rashin kunya ba ne. A faɗi kuɗi kafin a taɓa kai, cikin ladabi: “Goggo, wannan dala ɗari ne, da shi nake sayen mai da sabulu.” A ware mutum biyu ko uku da za a yi wa don Allah, kamar uwa da kaka, sauran kowa ya biya. Iyaye ma su taimaka a nan. Uwar da ke aiko wa 'yarta ƙawayenta a yi musu kyauta don a ce ta haifi 'yar kirki, ita ce ta fara rushe mata sana'a.

Game da maza, hanya biyu ce. Wanzami na gargajiya, mai zabira da aska, bai taɓa dogara da aski kaɗai ba. Yana askin suna, yana ƙaho, yana kaciya, kuma yana da gidajen da ya gada daga mahaifinsa, waɗanda sukan sallame shi da hatsi ko kuɗi. Kakanninmu sun daɗe da gane cewa aska ita kaɗai ba ta cika tukunya. Mai askin zamani kuwa da inji yake aiki, inji kuma wuta yake ci. Inda wutar kamfanin lantarki na SBEE ta kai, akwai kuɗin wata. Inda ba ta kai ba, sai janareto da fetur, ko farantin hasken rana da batir. Askin namiji ya fi kitso saurin ƙarewa, kuma namiji yakan dawo bayan mako biyu ko uku, musamman ranar Alhamis da safiyar Juma'a. Wannan ya sa cinikinsa ya fi na makitsiya daidaito. Amma kuɗin kai ɗaya ƙanƙane ne, shi ya sa za ka ga masu wayo sun haɗa da cajin waya ko sayar da katin kira a gefen shago.

Kama shago shi ne babban burin kowane ɗan koyo, shi ne kuma ramin da da yawa suke faɗawa. Da zarar an kama ɗaki an rataya allo, ga haya, ga wuta, ga ruwa, ga haraji, ga madubi da kujeru. Waɗannan duka ana biyan su ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In haya da wuta da haraji sun kai jika ɗaya a rana, to kai huɗun nan sun zama shida. A ganina, wadda ba ta riga ta tara mata ashirin ko talatin masu dawowa gare ta a kai a kai ba, kada ta kama shago. Ta fara a zaure ko ƙarƙashin rumfa, ta riƙa bin gidaje, domin matan kulle ba su zuwa shago, kuma su ne suka fi riƙe makitsiya guda shekara da shekaru.

Abin da ke ɗaga makitsiya daga neman na cefane zuwa riƙe kanta shi ne aikin amare. Wadda ta iya kitso, ta iya ƙunshi da zanen lalle, ta iya dilka da gyaran jiki da ɗaurin ɗankwali, biki ɗaya yana iya kawo mata abin da kitson mako bai kawo ba, don amarya ba ta zuwa ita kaɗai, da ƙawayenta take tafe. Ta kuma ajiye ɗan tebur na man kaɗanya da mataji da sabulu da turare. Wannan ribar tana shigowa ko hannunta yana kan wani kai. Daga baya, in sunanta ya fita, 'yan koyo za su zo, su biya kuɗin koyo, su kuma ƙara mata hannuwa. Yawancin uwayen ɗakin da ake nunawa da yatsa ana cewa kitso ya gina musu ɗaki, in ka bincika za ka tarar ta waɗannan hanyoyi ne.

Kan koyo, doka ta hana a sa yaron da bai kai shekara 14 ba. Koyo yakan ɗauki kamar shekara uku, ba albashi, iyaye ne ke ciyarwa. A rubuta yarjejeniya da uwar ɗaki a gaban shaidu: nawa za a biya, shekara nawa, me za a koyar. Yarinya ta je koyon kitso ne, ba wanke-wanke da renon 'ya'yan wani ba. A ƙarshe a nemi ta zauna jarrabawar hukuma ta shaidar ƙwarewa a sana'a, wadda ake kira CQM. Bikin yaye ɗan koyo da aka saba yi, mai cin lemo da abinci da kyautar uwar ɗaki, ya sha cinye kuɗin da ya isa sayen kayan aiki. Gara a taƙaita shi a saya wa yarinya madubi da kujera.

Jari kuma, mafi lafiya shi ne adashi da ajiya a asusu irin na CLCAM ko a waya. Gwamnati ta buɗe ƙaramin rance mai suna Alafia a 2020, wanda ya fara daga sefa 30,000 zuwa 50,000. Yana da amfani ga wadda ta riga ta sami masu zuwa, tana son ƙarin kaya. Wadda ba ta da kowa tukuna, rance ba zai kawo mata kai ko ɗaya ba, ranar biya kuwa tana nan tafe.

Kada a manta da jiki. Zaman kitso yana cin baya da wuya da ido da yatsu, kuma mai sana'ar hannu ba ta da fansho, ba ta da hutun haihuwa mai albashi. Ranar da ta kwanta, ciniki ya kwanta. Tilas ta ware wani abu kullum, ko dala ashirin ne. Tsabta ma jari ce. Reza ɗaya mutum ɗaya, a tsabtace bakin inji da aska tsakanin kai da kai, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, makero kuma yana bin mataji. A bar jan gashi da ƙarfi, musamman na yara, don yana cinye gaban goshi. Labarin kan da ya yi ƙuraje ba ya kwana bai zaga unguwa ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, kafin ku biya kuɗin koyo ku je wurin makitsiya ko mai askin da kuka amince da shi, ba a makon Salla ba, a tsakiyar damina. Ku tambaye shi kai nawa ya yi jiya, nawa aka biya hannu, nawa ya tafi bashi, nawa ya kashe. Ku kuma 'yan koyo, ku sayi ɗan littafi tun yau, ku riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In bayan shekara guda lissafinku bai kusanci jika biyu a rana ba, kada ku saki gona, kada ku kama shago, ku je ku ƙara koyon lalle da gyaran amare tukuna.