'Yan Dakon Soja a Duwatsun Burma

Duk wanda ya bi hanyar Basirka zuwa Gwaram ran kasuwa zai ga mutane da gammo a ka, wani da buhun dawa, wani da daurin itace. Ba mai tsayawa ya dube su, domin abu ne da aka saba gani. Amma da irin wannan gammo ne aka ciyar da dubban sojan Afirka ta Yamma a duwatsun ƙasar Burma, wadda a ke kira Myanmar yanzu, a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan darasi zai bayyana asalin 'yan dakon soja, da tsarinsu, da aikin da suka yi.

Asalinsu

A 1897 Turawan Ingila suka sa Lugga ya kafa Rundunar Afirka ta Yamma. A lokacin ba hanyar mota, ƙudan tsando kuwa yana kashe dawaki da jakuna a ƙasashen kurmi. Saboda haka duk inda soja za su, sai a ɗebi 'yan alaro su ɗauki abinci da harsashi. Ko igwa ma kwance ta a kan yi gunduwa-gunduwa, a raba wa mutane su ɗauka a ka.

Da aka yi yaƙi da Jamus a Kamaru, daga 1914 zuwa 1916, an gwabza a kan duwatsu, kamar Banyo da Mora. Jamusawan da ke kan dutsen Mora ba su sallama ba sai a watan Fabrairu 1916. Daga nan aka kai sojan Nijeriya Afirka ta Gabas. A farkon 1917 ruwan sama ya yanke musu hanya a bakin kogin Rufiji, abinci ya kasa isowa, yunwa da ciwo suka galabaita su ƙwarai. Nan hafsoshi suka ga gaskiyar maganar Hausawa, da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Soja ba ya wuce inda abincinsa ya tsaya.

Yadda aka tsara su

A 1942 Japan ta ƙwace Burma daga hannun Ingila. Janar Giffard, wanda ya shugabanci sojan Afirka ta Yamma, ya ba da shawara a kai su can, domin suna iya tafiya inda mota ba ta shiga. Sai aka kafa manyan rundunoni biyu a 1943, watau Runduna ta 81 da Runduna ta 82. Mutanensu sun fito daga Nijeriya, da Gana, wadda a ke kira Gwalkwas a lokacin, da Saliyo, da Gambiya. A Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebi samari, har da na Lardin Kano, wanda ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram ke cikinsa a wancan zamani.

Kowace runduna tana da birged uku. Kowace birged tana da bataliya uku ta masu faɗa, da ƙungiya guda ta 'yan dako, wadda Turawa suka sa wa suna Ƙungiyar Mataimaka. Bambancinsu da 'yan alaron dā shi ne, su waɗannan cikakkun soja ne. An rubuta sunansu, an ba su lamba da kaki, ana biyansu albashi, an kuma koya musu fareti da bin oda. An kasa kowace ƙungiya kamfani-kamfani, da hafsoshinta da sajojinta da kofur-kofur, yadda za a iya ba kowace bataliya rabonta gwargwadon bukata.

Kayan mutum guda ya kan kai wajen laba 40, ban da nasa na kansa. Da fari yawancinsu ba su riƙe bindiga, sai adda. Mai karatu ya auna wannan da kyau: mutum ya shiga inda a ke ruwan harsashi, hannu ɗaya na tallafe da kaya, ɗayan na riƙe da adda kaɗai.

Aikinsu a Kaladan

Runduna ta 81 ta isa Indiya a 1943, a ƙarƙashin Janar Woolner. Aka ba ta aikin shiga kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan, don ta tsare gefen sauran sojan da ke yaƙi a bakin teku. Duwatsun can ba irin na Birnin Kudu ba ne, waɗanda mutum ke iya kewayewa. Jere su ke, wani bayan wani, ga tsayi, ga kurmi da gora sun rufe su, damina kuwa ta kan mai da turba taɓo.

Da farko sojan suka sare hanyar ƙaramar mota daga Chiringa zuwa Daletme, wajen mil 75, kusan nisan Kano zuwa Birnin Kudu. Amma hanya guda ba ta isa ta ciyar da runduna ba. Sai aka haɗa sabuwar dabara da tsohuwa. Jiragen sama irin Dakota su zo su saki buhunan abinci da akwatunan harsashi da laima. 'Yan dako su share filin da za a zuba, su tsince kayan, su kasa su ɗauka-ɗauka, sa'an nan su hau dutse da su har inda masu faɗa su ke. Runduna ta 81 ce babbar runduna ta farko a yaƙin Burma da aka ciyar ta sama ɗungum.

Aikinsu bai tsaya nan ba. Su ke sauko da masu rauni daga kan dutse, su ke sare fili don ƙananan jirage su sauka su kwashe su zuwa asibiti, su ke ɗebo ruwa, su ke taya haƙa ramukan tsaro.

A watan Maris 1944 Japanawa suka kawo farmaki wajen Kyauktaw, rundunar ta ja da baya. Bayan damina ta sake shiga kwarin, a ƙarƙashin Janar Loftus-Tottenham, da jiragen sama da 'yan dako kaɗai. Tun da ba ta ɗaure da hanyar mota, sai ta riƙa bi ta kan duwatsu tana ɓullo wa abokan gaba ta inda ba su zata ba. A watan Janairu 1945 ita da Runduna ta 82 suka ci garin Myohaung. Runduna ta 82 ta ci gaba da kora zuwa kudu, 'yan dakonta na biye, har yaƙi ya ƙare a wannan shekara.

Abin da ya kamata a riƙe

Sojan Nijeriya na yau suna da sashe na musamman mai kula da guzuri da sufuri, makarantarsa tana Binin. Akwai kuma Runduna ta 81 a Ikko, da Runduna ta 82 a Inugu, masu ɗauke da lambobin rundunonin Burma. Mota da jirgi sun karɓi yawancin aikin gammo, amma ka'idar ba ta sake ba.

Mazan jiyan Burma sun kusa ƙarewa, kuma da wuya a ji an ambaci ɗan dako in ana labarin jarumai. Ran 15 ga Janairu ta kowace shekara a ke tunawa da mazan jiya a Nijeriya. Ya kamata malamai da masu unguwanni na Basirka da kewaye su bincika gidajen da aka ajiye lambar yabo ko takardar sallama ta kakanni, su rubuta sunan mai ita da ƙungiyarsa, tun waɗanda suka ji labarin daga bakinsa suna da rai.