Yadda Ƙwayar Kwalara Ke Haɗa Gubarta

Damina ta kama, kuma a irin wannan lokaci ne aka fi samun ɓarkewar kwalara, wato amai da gudawa. Shin kun san cewa ƙwayar cutar ba ta cin naman hanji? Guba take haɗawa, gubar ce kuma ke kwantar da mutum.

Sunan ƙwayar Vibrio cholerae. Bakteriya ce mai siffar waƙafi, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana shiga ciki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Ruwan tsamin da ke cikin tumbi yana kashe da yawa daga cikinsu. Waɗanda suka tsira sai su wuce ƙaramin hanji, su manne a bangonsa, su hayayyafa. A nan ne suke fara ƙera gubar, wadda wani nau'in furotin ce.

Gubar tana da sashe biyu. Na farko yana riƙe ƙwayar halittar hanji, na biyu kuma ya kutsa ciki. Da ya shiga, sai ya sa hanji ya yi ta fitar da gishiri ba tsayawa, kamar famfon da aka bari a buɗe. Ruwan jiki kuma bin gishirin yake yi. Shi ya sa gudawar ke fitowa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Babban mutum yana iya rasa lita 1 cikin awa ɗaya, kuma rashin ruwan ne ke kisa. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ne ya gano gubar a 1959.

Abin farin ciki, akwai wata hanya a hanji da gubar ba ta lalatawa: idan gishiri ya zo tare da sukari, hanji yana tsotse su, ruwa ya biyo baya. Wannan ne sirrin ruwan gishiri da sukari. In babu na leda, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. A riƙa ba mara lafiya yana kurɓa, a kuma garzaya da shi asibiti.

Mu wanke hannu da sabulu bayan mun fito daga bayi da kafin cin abinci, mu kuma kai wannan darasi gida. Allah Ya kare mu.

Daga ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida